Mahaɗin Endoskop: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙirarsa da Abin da Ke Kashe Shi

Endoskop ita ce na'urar da likita ke zurawa ta baki, ko ta dubura, ko ta wata 'yar ƙofa da aka huda a fata, don ya ga cikin jiki. Kowa idonsa na kan bakinta, inda kyamara take. Masu gyara kuwa sun san cewa wasu daga cikin na'urorin da ake kawo musu, daga ɗaya ƙarshen ciwon ya faro, wato daga mahaɗin da ake jonawa a jikin akwatin haske, injin da ke ba na'urar haske da iska. Amsoshin nan na injiniyoyin kayan asibiti ne, da ma'aikatan ɗakin wanki, da ɗalibai masu son sanin dalilin da ya sa aka ƙera shi haka.

Wane ɓangare ne ainihin mahaɗin?

Endoskop mai lanƙwasa tana da bututun da ke shiga jikin mara lafiya, da mariƙin da likita ke juya ƙafafun lanƙwasa a kai, wato 'yan tayoyin da ke lanƙwasa bakin na'urar, sannan wata igiya mai kauri da ke fita daga mariƙin, wadda ake kira cibiya. A ƙarshen cibiyar akwai wani dunƙule mai nauyi, ya kai cikin tafin hannu ko ya fi. Shi ne mahaɗin.

A jikinsa za a ga sandar haske, wani ƙarfe mai tsawo cike da zaren gilashi. Kusa da ita akwai siririn bututun iska. A gefe akwai bakin da ake jona kwalbar ruwa, da bakin tiyon zuƙa, da bakin ruwan feshi a na'urorin da ke da shi, da haƙoran lantarki masu ɗaukar hoto, da bawul ɗin numfashi wanda ake gwajin yoyo ta cikinsa. Wasu suna da ƙusar da ake ɗaura wayar injin ƙona tsoka, wasu kuma suna da ƙofar iskar kabon dayoksaid. Haske da iska da ruwa da ƙazanta da wutar lantarki, duk a wuri ɗaya, kuma ba a yarda ɗaya ya taɓa ɗaya ba.

Me ya sa ba a raba su, kowanne da nasa filogi?

An yi hakan a da. Na'urorin bidiyo na baya suna da mahaɗin haske daban, sannan a kawo wata waya a murɗa ta a gefe don hoto. Matsalar ita ce duk ƙarin jone ƙarin wurin mantuwa ne, ga ma'aikacin da zai jona ya cire sau goma ko fiye a yini, da safar hannu a jiƙe. Shi ya sa kamfanoni suka koma turi ɗaya. Kamfanin Olympus ya kawo irin wannan mahaɗin a jerin EVIS EXERA III a 2012.

Sai dai turi ɗaya ya ɗora wa mai zane nauyi. Dole a tsara wanda zai fara shiga. Sandar haske ce mafi tsawo, ita ke fara shiga ramin ta daidaita mahaɗin, sai bututun iska ya bi ta, haƙoran lantarki su zo daga ƙarshe bayan komai ya zauna. Idan aka juya wannan tsarin, haƙoran ne za su sha nauyin turin, kuma ba su daɗewa. Ana kuma barin wa soket ɗin lantarki ɗan wasa a cikin akwatin, ya iya motsawa kaɗan ya bi mahaɗin, domin sassa uku masu tauri ba za su taɓa dacewa daidai wa daida a lokaci guda ba, komai kyan injin da ya yanka su. Wani tudu ko tsagi a jikin mahaɗin shi ke hana a sa shi a juye.

Me ya sa sandar haske ke zafi haka bayan aiki?

Fitilar zenon ta gargajiya da ke cikin akwatin haske wat 300 ce, kuma ana tattara haskenta a kan fuskar da faɗinta 'yan milimita ne. Zaren gilashin ba ya karɓar duk hasken. Tsakanin zare da zare akwai gam, ga bangon ƙarfen da ya kewaye su, kuma hasken da ya zo a karkace fiye da kusurwar da zaren ke karɓa ba ya shiga. Duk abin da bai shiga ba zafi yake zama. Saboda haka ake yin sandar da ƙarfe mai kwashe zafi, a rufe fuskarta da gilashi mai jure wuta, wasu kuma su narke kan zaren su haɗe shi ba tare da gam ba, don gam yana ƙonewa ya yi launin ƙasa-ƙasa ya tare haske.

Ga yadda lalacewar ke tafiya. Ɗigon ruwan wanki ya bushe a fuskar sandar, ko ƙurar hunturu ta kwanta a kai. Hoto ya ɗan dushe, akwatin ya ƙara ƙarfin fitila da kansa, dattin ya gasu ya manne, zafi ya ƙaru. Goge fuskar da auduga da alkohol kafin a jona shi ne maganin, kuma bai kai minti ɗaya ba. Fitilun LED na yanzu sun rage zafin, amma ba su kawar da shi ba. Kada a ɗora sandar da aka zare yanzu a kan bututun na'urar ko a kan zanen gadon mara lafiya.

Don duba zaren, a zare na'urar daga akwatin, a nuna bakinta ga hasken taga, a kalli fuskar sandar. Baƙin ɗigo zare ne da ya karye. Masu gyara kan ce idan baƙin ya doshi kashi ɗaya cikin huɗu, lokacin sauyawa ya yi.

Iska na fita amma ruwa ba ya zuwa. Ina matsalar?

A yawancin na'urori babu famfon ruwan wanke gilashin kyamara. Famfon iska ne kawai a cikin akwatin haske. Iskar tana shiga ta bututun nan na jikin mahaɗi, sai ta rabu biyu a ciki: reshe ɗaya ya nufi mariƙi, ɗaya ya shiga kwalbar ruwa ya danne saman ruwan. A mariƙi akwai maɓalli mai rami a tsakiya, iska na fita ta nan a banza. Likita ya toshe ramin da yatsa, iska ta tafi cikin mara lafiya. Ya danna maɓallin har ƙasa, hanyar iska ta rufe, matsin da ke cikin kwalba ya turo ruwa.

Ke nan ruwan ya dogara ne kacokan a kan kwalbar ta riƙe matsi. Murfin kwalba bai ɗauru ba, ko zoben robar da ke bakin jonen ya tsage ko ya faɗi a wurin wanki, iska za ta ci gaba da zuwa, ruwa kuwa ko ɗigo. A fara duba nan kafin a ce na'ura ta toshe. A kuma kula da cika kwalba har baki, domin ruwa na iya bi ta hanyar iska.

Hanyoyin iska da ruwa faɗinsu wajen milimita ɗaya ne, buroshi ba ya shiga yawancinsu, ba kamar hanyar zuƙa ba mai milimita 2.8 a na'urar duba tumbi, ko 3.7 a ta babban hanji. Abin da ya bushe a cikinsu ya zauna ke nan. Ruwan da aka tsarkake kaɗai ake zubawa a kwalbar. Ruwan gishiri na ƙarin ruwa yana barin ƙanƙarar gishiri, kuma yana cin ƙarfe. Ruwan burtsatse mai yawan farar ƙasa shi ma yana barin ɓawo.

Me ya sa ake dagewa a kan ɗan bawul ɗin da ke bakin ruwan feshi?

Domin hanyar feshi a buɗe take har cikin hanji. Idan aka ɗaga ƙafa daga fedar famfo, matsin iskar da aka hura a hanjin yana iya turo ruwa mai ƙazanta baya, ya bi hanyar ya fito cikin tiyo. Tiyon nan kuwa wasu wurare suna amfani da shi tun safe har yamma, ga mutane da yawa. Bawul mai barin ruwa ya wuce gaba kawai shi ne katangar.

A ƙarshen 2008, a asibitin tsofaffin sojoji da ke Murfreesboro a jihar Tennessee ta Amurka, an gano cewa an sa wa tiyon feshi wani ɗan mahaɗi mai kama da na ainihi, amma ba shi da bawul a ciki. Sai da aka aika wa mutum fiye da 6,000 takarda su zo gwajin jini. Darasin a wurin mai zane a bayyane yake: abu biyu masu aiki daban bai kamata su yi kama ba, balle a ce kowanne yana shiga ramin ɗan'uwansa. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta fitar da jagora a 2016 a kan bawuloli da tiyon ba da ruwa na irin waɗannan na'urori.

Tushen rikicin shi ne bakin Luer, wato irin bakin sirinji. Tsukewarsa kashi 6 cikin 100 ce, ma'ana faɗin yana raguwa da milimita 0.06 a kowane milimita na tsawo, kuma yana kama ruwa sosai ba tare da roba ba. Kyansa ne ya jawo masa, aka sa shi a komai, har tiyon abinci ya riƙa shiga layin jijiya. Jerin ƙa'idojin ISO 80369 an yi shi ne don raba su, kowane aiki da siffar bakinsa. Kashi na 7 shi ne na Luer.

Da me ake ƙera shi?

Ba aikin duba mara lafiya ne ke zaɓar kayan ba, wanki ne. Na'ura mai lanƙwasa ba ta jure zafin da ya haura wajen digiri 60, don haka da sinadari ake kashe ƙwayoyin cutar: gulutaraldihaid mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, ko OPA mai 0.55, ko asid ɗin ferasetik. Za ta sha wannan wanka sau dubbai.

Bakunan ruwa da na zuƙa ƙarfe mara tsatsa ne, 304 ko 316L. Na biyun yana da molibdinom a ciki, ya fi jure sinadarai masu kulorin da ke huda ƙarfe ƙananan ramuka. Tagulla tana da daɗin yanka a inji, amma asid ɗin ferasetik yana cin ta da zarar rufin da aka yi mata ya kankare. Alminiyom mai launi yana kodewa. Gangar jikin kuma roba ce mai tauri irin su PPSU ko PEEK, waɗanda ba sa tsagewa idan sinadari ya same su alhali sukuru ya matse su. Wannan tsagewar mugun abu ce, siririya kamar gashi, kuma kusan kullum daga gindin sukuru ko kusurwa mai kaifi take farawa. Mai zane nagari yana zagaye kusurwoyi, yana kuma rubuta iyakar ƙarfin da za a ɗaure kowane sukuru.

Zoben roba, na silikon ne ko FKM ko EPDM, ana yanka masa kwari yadda zai matsu da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na kaurinsa. Ƙasa da haka ya yi yoyo. Sama da haka ya baje ya ƙi komawa. Kada a shafa masa basilin ko wani man fetur, kumbura yake yi ya yi laushi.

Akwai kuma batun tsagi da lungu. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu aka bar siririn rata, jini da majina za su shiga, buroshi ba zai kai ba. Ana cike irin wannan da gam, a shafe shi sumul. Gam ɗin da ya fara yin fari ko ɓarewa a kewayen bakin zuƙa alama ce ta aika na'ura gyara, ko da ta ci gwajin yoyo.

Haƙoran lantarki fa, yaya suke rayuwa a cikin ruwa?

Ana yi musu rufin nikel, sannan ruwan zinari a sama wanda kaurinsa wajen maikiron ɗaya ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Zinari ba ya tsatsa, amma kowane jone yana goge shi kaɗan. Idan ya ƙare, ga danshi ga wuta, sai koren tsatsa ya fito, hoto ya fara rawa ko ya yi layi-layi ko launi ya juye. A mahaɗai masu shiga ruwa tsirara, haƙoran shafaffu ne a jikin gangar, an toshe bayansu, sifirin ɗin yana can cikin soket ɗin akwati inda ruwa ba ya zuwa. Shiga ruwa ba ya cutar da su. Jona su a jiƙe shi ke cutarwa, kuma ba na'urar kaɗai ba, har soket ɗin da duk sauran na'urorin ɗakin za su shiga bayanta.

Fujifilm a jerin 700 ta kauce wa haƙoran gaba ɗaya: wuta na tsallakawa ta maganaɗisu, hoto ta hasken leza, umarnin maɓallai ta hasken infrared. Babu abin gogewa, amma akwai tagogin gilashi da ke son tsabta.

Ta fuskar kare mara lafiya, ƙa'idar IEC 60601-1 da 'yar'uwarta 60601-2-18 ta kayan endoskop su ke magana. Yawancin na'urorin duba ciki ajin BF ne, wutar da aka yarda ta zurara zuwa jikin mutum ba ta wuce maikiro'amfiya 100 idan na'urar ba ta da matsala. Ajin CF, na abin da ke kusantar zuciya, 10 ne. Ana raba da'irar na'urar da wutar bango a cikin akwatin hoto, wanda ke karɓar hoton kyamara ya kai shi allo, kuma tazarar da aka bari tsakanin haƙora da gangar ƙarfe tana cikin wannan lissafi. Ruwan da ya kwanta a wurin yana gajarce tazarar.

Murfi biyu ne ke zuwa da wasu na'urori. Wanne ne na me?

A nan ake asarar kuɗi mai yawa, kuma aikinsu kishiyar juna ne. Murfin wanka yana rufe haƙoran lantarki na tsofaffin na'urori, irin su Olympus 160 da 180, don ruwa kada ya shiga. Dole ya kasance a kai kafin na'ura ta taɓa ruwa, cikinsa a bushe, zobensa lafiya. Murfin gas kuwa buɗe bawul ɗin numfashi yake yi. Ana sa shi idan za a kashe ƙwayoyin cuta da iskar etilin oksaid, saboda injin da ke wannan aikin yana zuƙe iskar da ke cikinsa. Cikin na'urar a rufe yake ruf, da iska a ciki, idan waje ya zama fanko sai iskar ta kumbura siririyar robar da ke wurin lanƙwasa, kusa da bakin na'urar, har ta fashe.

Wanka babu murfin wanka, ambaliya. Wanka da murfin gas a kai, ambaliya. Gas babu murfin gas, fashewa. Kamfanoni sun gwada launi daban da sarƙa da rubutu, amma gyaran da ya yi aiki shi ne cire buƙatar murfin wankan daga zanen.

Yaya ake gwajin yoyo yadda ya kamata?

Bayan gogewar farko a gefen gado, kafin wanki. A cire maɓallan iska da zuƙa da murfin ƙofar kayan aiki. A duba bakin na'urar gwajin a tabbatar a bushe yake, domin ɗigon da ke ciki kai tsaye za a hura shi cikin endoskop. A kunna a ji iska na fita, sannan a murɗa shi a bawul ɗin numfashi har ya kulle. A kalli robar wurin lanƙwasa, za ta ɗan kumbura. Idan ba ta kumbura ba, matsi bai shiga ba, kada a tsoma.

A nutsar da na'urar duka, har mahaɗin. A tura ruwa cikin hanyoyin da sirinji don korar iskar da ta maƙale, a juya ƙafafun lanƙwasa sama da ƙasa, dama da hagu, a zuba ido aƙalla daƙiƙa 30. Ruwan ya zama tsabtatacce ba sabulu, kumfa na ɓoye shaida. Ƙwayar iska ɗaya ko biyu da suka tashi suka tsaya ba komai ba ne. Jerin ƙwayoyi masu fita daga wuri ɗaya ba ƙaƙƙautawa, yoyo ne. A mahaɗi, a fi duba gindin bakin zuƙa, da kewayen sandar haske, da inda cibiya ta shiga.

A fitar da na'ura daga ruwa da matsin a ciki, a kashe injin, a bar iskar ta sauka har robar ta koma, sannan a cire. Ba a jonawa ko cirewa a ƙarƙashin ruwa. Matsin da za a kai yana cikin littafin kamfanin na'urar, kada a ɗauki na wani kamfani.

Ta yaya za a gane ruwa ya riga ya shiga?

Hazo a hoto wanda gogewa ba ta kawar da shi, maɓallan mariƙi su riƙa aiki da kansu ko su ƙi, ƙafafun lanƙwasa su yi nauyi. A daina jona ta, a aika gyara a ranar. Ruwan wanki yana cin wayoyin lanƙwasa, yana sa zaren gilashi ya manne ya karye, kuma gyaran da zai tsaya a sauya zobe yau, bayan mako biyu ya zama sauya bututu gaba ɗaya.

Endoskop mai tauri, irin ta tiyatar huda ciki, ita ma haka mahaɗinta yake?

A'a, nata biyu ne kuma a rabe. Na farko ginshiƙin haske ne a gefe, wanda yakan zo da zobba masu murɗawa a jere, don ya karɓi wayar haske irin ta kamfanin Storz ko Wolf ko ACMI. A kwance zobban nan a kowane wanki, jini na ɓuya a ƙarƙashinsu. Kaurin wayar ya dace da na'urar: mai milimita 3.5 ga na'ura mai milimita 4, mai 4.8 ga mai milimita 10. Babbar waya a kan ƙaramar na'ura tana zuba rarar haske a kan ƙarfe, ginshiƙin ya yi zafin ƙona fata. Bakin wayar da aka cire aka ajiye a kan zanen tiyata da fitila a kunne kuwa, yana iya huda zanen cikin ɗan lokaci.

Na biyu wurin ido ne, inda kyamara ke kamawa. Tsakaninsu akwai mahaɗi mai murɗawa kamar sukuru, wanda ake kira tiredin C: faɗi inci ɗaya, tiredi 32 a kowane inci, kuma daga kafaɗarsa zuwa fuskar na'urar ɗaukar hoto milimita 17.526. Kuskuren ɗan abu a wannan tazara, hoto ba zai taɓa fitowa tar ba.

Wannan na'urar tana shiga tukunyar tururi a digiri 134. Ƙarfe mara tsatsa yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na gilashi, don haka gam ba ya daɗe riƙe taga. Masu inganci suna sa tagar yakutu a like ta da narkakken ƙarfe, gangar kuma a yi mata walda da leza. Bayan an fitar da ita a bar ta ta huce da kanta. Tsoma ta a ruwan sanyi yana fasa sandunan gilashin da ke ciki, irin tsarin da Harold Hopkins ya ƙirƙira, Karl Storz ya fara ƙerawa a shekarun 1960.

Za a iya jona na'urar wani kamfani a akwatin wani?

A masu lanƙwasa na bidiyo, a'a. Ba siffar kawai ba ce, harshen da kyamara ke magana da akwatin ma daban ne, kuma akwai ɗan guntun ƙwaƙwalwa a mahaɗin da ke gaya wa akwati sunan na'urar da saitin launinta. Ko a kamfani ɗaya, sabon akwati kan karɓi tsohuwar na'ura ta wata wayar tsakani, tsohon akwati kuwa ba ya karɓar sabuwa.

Wannan ya shafi asibitocinmu kai tsaye, inda ake yawan sayen na hannu ko a karɓi kyauta daga waje. Kafin a biya kuɗi a haɗa lambar na'ura da ta akwatin hoto da ta akwatin haske, a tabbatar murfin wanka da na'urar gwajin yoyo da tiyon wanke hanyoyi suna cikin kayan, domin bakin kowannensu na kamfaninsa ne. A haska tocila a kan haƙoran a nemi kore, a lanƙwasa robar da ke gindin cibiya a ga ko ta tsage. Robar nan an yi ta da kauri a gindi tana sirancewa zuwa gaba don ta raba lanƙwasa a kan tsawo, kuma ita ke fara nuna na'urar da aka saba rataye ta mahaɗi na lilo.

Na'urori masu amfani sau ɗaya sun kawar da duk wannan?

Sun kawar da rabinsa. Kamfanin Ambu ya fito da aScope a 2009, kuma a irin wannan zanen fitilar LED tana can bakin na'urar, don haka babu sandar haske, babu bawul ɗin numfashi, babu murfi. Mahaɗin ya koma filogin roba mai 'yan haƙora, rufin zinarinsa siriri tunda sau ɗaya zai shiga. Nauyin ya koma kan soket ɗin allon da ke nuna hoton, wanda zai karɓi sabon filogi a kowane aiki shekara da shekaru, ana goge shi da sinadari a tsakani. Shi ake yi wa rufi mai kauri, a kuma ƙera shi yadda za a kwance a sauya shi kaɗai ba tare da an taɓa sauran allon ba.